Mene ne ainihin ma'anar kalmar "shrive"?

Ɗaliba, Garin Malam:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun Turancin Ingilishi a jami'armu ta Damagaram, kuma cikin wani rubutu kan tarihin majami'a a Ingila na ci karo da kalmar "shrive" har sau uku a shafi ɗaya. Ƙaramin ƙamus ɗina ya ba ni "confesser" da Faransanci, sai na rubuta "tuba" da fensir a gefen shafin, amma hankalina bai kwanta ba, domin a cikin jimlar limamin majami'a ne yake yin aikin, ba mai zunubin ba. Ina roƙon wanda ya sani ya warware mini.

Malamin Ingilishi, Birni:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi daidai da kika tsaya, domin "tuba" ba za ta ɗauki wannan kaya ba. A wurinmu Musulmi tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, babu mai shiga tsakani, alhali "shrive" aikin limami ne: ya saurari wanda ya zo furta zunubinsa, ya yanka masa abin da zai yi na neman gafara, kamar addu'a ko azumi, sannan ya sanar da shi cewa an yafe masa. Asalinta daga Latin ne, "scribere", wato rubutawa, kamar yadda likita yake rubuta wa majinyaci magani, kuma ni wannan ne ya sa ban taɓa manta ta ba. Idan aikin ya wuce sai a ce "shrove", wanda aka yi wa kuma "shriven". In kina fassara, gara ki yi doguwar jimla mai gaskiya da ki ɗora wa kalmar Hausa ma'anar da ba tata ba.

Ɗan'uwa Katolika, Sabon Gari:
Malam ya faɗi gaskiya, kuma na ji daɗin yadda ya bambanta abubuwan biyu cikin mutunci. Tun babban taron majami'a na Latiran a Roma a 1215 aka wajabta wa kowane Katolika ya furta zunubinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, mutane da yawa kuma sukan yi hakan gab da azumin kwana 40 da ke gabanin Ista, wato bikin tashin Yesu daga matattu a wurinmu Kirista. Daga nan Ingilawa suka samo "Shrove Tuesday", Talatar da ke kafin Larabar Toka (ranar da ake fara wannan azumi), wato Talatar da mu da muka yi lakwal da Faransanci muka sani da "Mardi gras". Faransawa sun sa wa ranar sunan maiƙon da ake cinyewa kafin azumi, Ingilawa kuma sunan furta zunubi.

Mai fassara, Zango:
Ƙanwata, kada ki sa ta a hirar yau da kullum, domin ta tsufa. Abin da za ki fi gani a jarida shi ne "short shrift", wanda asalinsa ɗan gajeren lokacin da ake ba wanda za a kashe ya furta zunubinsa ne, yanzu kuma yana nufin a sallami mutum ko maganarsa ba tare da an saurare shi da kyau ba.

Ɗaliba, Garin Malam:
Allah ya saka muku da alheri. Na goge "tuba", na rubuta "limami ya saurari zunubinsa, ya sanar da shi gafara".