Gambarar Amurka: Wace Ƙungiya Ta Fi Barin Gado?

Mai Tsohon Faifai:
Salamu alaikum. Na buɗe fili a kan ƙungiyoyin gambarar Amurka na farko. Mai amsawa ya amsa da baiti.

Bronx ta New York na fara ambata, unguwar da aka juya wa baya,
Gidaje na cin wuta, hukuma ta ƙi ko waiwaya.
A 1973 Kool Herc ya jera faifai biyu iri ɗaya,
Gangar wannan na ƙarewa ya koma wancan, kada rawa ta tsaya.
Biki ake yi da fari, a yi tsalle a sheƙe aya,
Sai 1982 Melle Mel ya ce a saurari kukan zuciya.
Furious Five na Grandmaster Flash su suka sauya hanya,
Waƙarsu The Message ta ambaci bashi da ɓera da kurkuku, ta faɗi gaskiya.
Duk mai rera halin layinsu yau, ko'ina yake a duniya,
Rijiyarsu ya sha, ko ya yarda ko ya ƙiya.

Ɗan Auta:
Baba, ka yi gaskiya, amma bar ni in yi ƙari,
Mai haƙa daban, daban mai kai ruwa cikin gari.
Run-DMC na Hollis su suka fid da ita sarari,
Baƙar malafa, Adidas ba igiya, shigar titi ta samari.
A 1986 suka haɗu da Aerosmith masu kiɗan rock, 'ya'yan Turawa suka shigo da sauri,
Kamfanin takalma ya ƙulla da su, abin da ba a gani ba tun fari.
Ga N.W.A na Compton, da dukan ɗan sanda ya ƙure musu haƙuri,
FBI ta aiko wasiƙa a 1989, faifan sai ƙara yin tasiri.
Da aka ga 'yan sanda na dukan Rodney King a 1991, aka san ba ƙage suka yi ba, ba sharri.

Uwar Biyu:
Auta, dakata nan, akwai abin da ka manta,
Bakin da ya tona zaluncin ɗan sanda, shi ya zagi mata.
Rabin faifan ya buɗe mini ido, rabi raina ya ɓata.
Kamfanoni suka ga bindiga na kawo kuɗi, sai suka bi ta,
Suka bar kukan talaka a baya, ashar ɗin suka tallata.
Shi ma gado ne, ƙanena, a ƙirga shi in za a kwatanta.
Ni Salt-N-Pepa na riƙe, Spinderella na juya faifai da hannunta,
Lokacin da ake kunyar ambaton ƙanjamau, su suka furta.
A 1995 suka ɗauki Grammy, ƙofar nan ba wanda ya iya rufe ta.

Malam Na-Gefe:
Ku ba ni wuri in daɗe kaɗan, wannan ɓangaren yana ci mini rai.

Hajiya, ba ni da ja, zancenki ba ya son gyarawa,
Ni kiɗan ya dame ni, da yadda aka hana shi yaɗuwa.
Public Enemy a 1988, ku sa kunne ku ji haɗawa:
Guntun James Brown, ga jiniya, ga muryar Malcolm X tana shigowa,
An ɗora su bisa juna, Chuck D a sama yana tsawa.
Sai 1991, alƙali a New York ya zauna shari'ar mawaƙi Biz Markie, ba sassautawa,
Ya ce ɗibar waƙar wani ba izini sata ce, ba kewayawa.
Daga ranar kowane guntu sai lauya, sai kuɗi masu yawa,
Irin wancan gini ya fi ƙarfin yaro mai tasowa.
De La Soul sun sha wuya, faifan 1989 ya maƙale a takardu, ba fitowa,
Yara na neman sa a waya shekara da shekaru, ba samuwa.
Maris 2023 aka sake shi, jama'a na ta saurarawa,
Trugoy ɗan ƙungiyar kuwa tun Fabrairu ya yi tafiyar da ba dawowa.

Ɗan Auta:
Yaya, zagin mata ba na kare shi, laifi ne a wuyansu.
Malam, takarda ta ci wasu, wasu kuwa sun ci ta da wayonsu:
Wu-Tang ta Staten Island, mutum tara, RZA jagoransu,
A 1993 suka ba kamfanin Loud faifan ƙungiya, suka riƙe 'yancin kansu.
Method Man ya nufi kamfanin Def Jam, GZA Geffen, suna ɗaya a bayansu,
Masu tasowa suka koyi karanta kwantiragi daga wurinsu.

Uwar Biyu:
Na ji, Auta. To cikin taran nan, mace nawa aka ba makirfo?

Mai Tsohon Faifai:
Tambayarki na nan a tsaye, 'yata, mai baiti ya ɗauka.
Ba a taɓa A Tribe Called Quest ba, kuma bai kamata mu tsallaka,
A 1991 suka gayyato Ron Carter, jazz da gambara suka yi haɗaka.
'Yan Yamai, ku kuka san ƙungiyar Kaidan Gaskiya, ku zo mu ji ta bakinku haka.