"Araha ba ta ado": har da kwamfuta?

Ɗalibin Madina:
Assalamu alaikum. Jiya bayan Isha'i muka shiga Jarir, kantin littattafai da kwamfutoci, ni da abokin ɗakina, don tsohuwar kwamfutata ta tsage daidai inda murfi ke lanƙwasa. Na ga guda biyu kusa da juna, a takarda duk abu ɗaya: furosesa (ƙwaƙwalwar na'urar) Core i5, RAM (wurin riƙe aikin da ake kai) 16, SSD (ma'ajiyar fayiloli) 512. Amma kuɗin ɗaya ya kusa ninka na ɗayar. Ina kai hannu kan mai sauƙin sai abokina ya ce, "Ustaz, araha ba ta ado." Na ce ni ba ado na zo saya ba, Shamila (manhajar littattafan addini) da Word da PDF ne duk aikina. Muka fito ban sayi ko ɗaya ba. Dattawa, mene ne asalin ma'anar maganar, kuma ta hau kan kwamfuta? Ɗan alawus ɗin jami'a kun san iyakarsa.

Dattijon Hindawiyya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni ban san kwamfuta ba, jikata ke buga mini wannan ma. Amma maganar tun ina yaro nake jin ta a bakin masu sayen tufafi. Ka sayi yadi mai araha, ranar Sallah ka fito kamar kowa, wankin farko ya zuba, ya ɓata har farar rigar da aka jiƙa su tare. To ado a nan ba ƙyale-ƙyale kaɗai ake nufi ba. Abu ne ya fitar da kai kunya ranar da kake bukatarsa. In na'urar ta mutu maka ana gobe za ka miƙa bahasi, wato takardar bincikenka, ai ba ta yi maka ado ba.

Hajiyar Shara Mansur:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in tona asirinmu. Ba wanda ya kai ɗan kasuwa son wannan karin magana. Lokacin aikin Hajji in alhajiya ta tsaya tana taya abaya, ta ce ta ga irinta can ƙasa da rabin kuɗi, me nake ce mata? "Hajiya, araha ba ta ado." Wani lokacin gaskiya na faɗa, yadin ba ɗaya ba ne. Wani lokacin kuwa, Allah ya yafe mana, tela ɗaya ne ya ɗinka su, leda da tambari ne suka bambanta. Ina zaton su ma masu kwamfutar haka suke yi mana.

Mai gyara a Jidda:
Hajiya ta faɗi rabin gaskiya. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba masu sunan ne ke haɗa su da hannunsu ba. Kamfanonin Taiwan irin su Quanta da Compal da Wistron ne ke haɗa wa manyan sunaye da dama. Tela ɗaya, kamar yadda kika ce. Sai dai tela yana ɗinki ne daidai yadin da aka ba shi da kuɗin da aka biya.

Ustaz, takardar da ka karanta abu uku kawai ta gaya maka, kuma waɗannan ukun ba su cika kawo mini kwamfuta shago ba. Abin da ke kawo ta shi ne irin wanda ya sami taka. A masu araha, ƙusoshin hinji, wato mahaɗin murfin, cikin roba suke zaune. Kullum ka buɗe ka rufe, robar na gajiya, wata rana ka ji ƙas, gefen allo ya ɗaga, wayar hoto ta tsinke. A masu tsada hinjin na ɗaure ne a jikin ƙarfe, alminiyon ko magnesiyam. Sai allo: mai araha dishi-dishi ne, in ka ɗan karkata launi ya juye, kai kuwa da za ka wuni kan rubutun Larabci mai wasali, idonka ne zai biya. Sai sanyaya ciki. Furosesa iri ɗaya a jiki biyu ba gudu ɗaya take ba. In bututun fitar da zafi siriri ne kuma fankar ƙarama, da ta ɗau zafi sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ku haɗa wannan da zafin ƙasar nan da ƙurar da nake kwashewa daga fankoki, wani lokacin kamar audugar katifa.

Abin da mutane ba su lura ba shi ne, a cikin gida ɗaya ma akwai ɗan ɗaki da ɗan bora. Dell ta yi Inspiron ta yi Latitude. HP ta yi Pavilion ta yi EliteBook. Lenovo na da IdeaPad na da ThinkPad, wadda IBM ta fara a 1992 kafin Lenovo ta sayi sashen a 2005. Na biyun a kowane gida don ma'aikatu ake yin su, masu sayen ɗaruruwa lokaci guda, waɗanda ba sa son jin labarin hinji. Saboda haka in wani ya ce mini "ni sunan kaza kawai nake saye," sai in tambaye shi wane ɗaki a gidan.

Injiniya a Riyad:
Malam mai gyara, ka tsallake Apple da gangan ko? MacBook Air mai M1 ta fito ƙarshen 2020 a kan dala 999, kusan riyal 3,750 ke nan tunda dala na 3.75, kafin a ɗora harajin kashi 15 da aka koma tun Yulin 2020. Ita nake riƙe har yau. Ba ta da fanka sam, to ƙura ta shiga ta ina? Ina fita da ita aiki ba caja. Kuma in na sa ta a Haraj, kasuwar intanet ta kayan hannu, yau, za a taya ta da daraja. Ni lissafina, kuɗin saye ka cire kuɗin sayarwa ka raba da shekarun da ta yi maka. A haka mai tsadar kan zama ita ce mai arahar.

Mai gyara a Jidda:
Ban tsallake ba, Injiniya, ina jiran mai ita ya zo. Ƙirar ta yi kyau, ban musa ba. Amma RAM da ma'ajiyarta a manne suke, yadda ka saya haka za ka rabu da ita, ba ƙari. In allon lantarkin da ke cikinta (motherboard) ya samu matsala bayan daman, wato garanti, ya ƙare, kuɗin gyara kan sa mutum ya yi shiru. Kuma tsada ba ta hana kuskure: kibod ɗin da Apple suka kawo daga 2015, wanda ƙwayar ƙura ke maƙale wa harafi, sai da suka buɗe shirin gyara kyauta, daga baya suka watsar da ƙirar. Ga kuma Ustaz da rabin manhajojinsa na Windows ne. Lissafinka daidai ne ga mai kuɗin a hannu yau.

Tsohon malamin Hausa:
Ku ba ni dama in koma kan kalmar, don na ga an bar ta a baya. Araha a Hausa ba zagi ba ce. Muna roƙon Allah ya kawo damina mai albarka abinci ya yi araha. In mutum ya ce "na same ta da araha," murna yake, ba kuka ba. Saboda haka maganar ba ta ce duk mai sauƙin kuɗi banza ne ba. Gargaɗi take wa wanda araha kaɗai yake bi, ya rufe ido ga sauran. Kuma "ba ta ado" ta ce, ba ta ce "ba ta aiki" ba. Amsar da yaron nan ya ba abokinsa a shago, ba tare da ya sani ba, amsa ce ta masu harshe. Baba ya faɗaɗa ado har ya kai fita kunya, na ji daɗin fassarar, amma ina ganin ya ɗan ja ta fiye da tsawonta.

Dattijon Hindawiyya:
Malam, ku kuka karanta a aji, mu a kasuwa muka ji. Wanda rigarsa ta zuba a bainar jama'a, je ka tambaye shi bambancin ado da aiki.

Hajiyar Shara Mansur:
Ni dai wadda ta fi dacewa da Ustaz ita ce iya kuɗinka iya shagalinka. In ya ɗauki mai robar, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, sai ya riƙa buɗe ta da hannu biyu kamar Alƙur'anin gado. Na ga yaran da suka ci bashin wata shida don a ga tambarin tuffa a maƙaha, wato gidan shan gahawa, abin da suke yi da ita kuwa kallon ƙwallo.

Ɗalibin Madina:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam mai gyara, to in na nemi ɗan ɗakin amma na hannu fa? Kuɗina zai kai?

Mai gyara a Jidda:
Nan nake so ka zo. Latitude ko ThinkPad ko EliteBook da ma'aikata ta sallama bayan 'yan shekaru, sau da yawa kuɗinta bai wuce na sabuwa mai roba ba. Amma ka kiyaye. Kada ka karɓi Intel da ke ƙasa da zubi na 8, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin na ƙasa da haka a hukumance. Ka sa a fito maka da rahoton batir a gabanka ka ga nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbata tsohuwar ma'aikatar ba ta bar kalmar sirri ba. Ka buɗe murfin da yatsa ka saurara. Sannan ka dubi kibod: da yawa daga Amurka ko Turai ake kawo su, ba haruffan Larabci, sai a manna sitika, wata biyu ta fara ɓarewa tana maƙale maka a yatsa. Ka karɓi fatura, wato rasit, ko da daman ɗin na wata ɗaya ne.

Ɗalibin Madina:
Larabcin na haddace wurarensa, ba sai na duba ba. Bayan jarrabawa zan biyo jirgin Haramain in sauka Jidda, in Allah ya so. Tsohuwar fa, in taho da ita ko ta zama tarihi?

Mai gyara a Jidda:
Taho da ita, da cajarta. In SSD ɗin na da rai mu sa shi a ɗan akwati ya zama maka ma'ajiyar littattafai.