Shekara 25 da aure: wane jirgi ne zai kai mu gaban ƙanƙarar Alaska?

Alhaji na Columbus: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. In Allah ya kai mu watan Yuli, ni da uwargida za mu cika shekara 25 da aure. Tun ranar da ta ga bidiyon ƙanƙara tana ɓallewa tana faɗawa teku take cewa ita dai sai ta ga abin nan da idonta. Na duba intanet, jiragen ruwa masu zuwa Alaska ga su nan rututu, kowanne yana cewa shi ne gwani. Kwana bakwai muke da shi. Gwiwarta na ɗan damunta, kuma ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, ku taimaka.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya ƙara danƙon ƙauna, ya nuna mana ta hamsin. Sauran mazan zaure, kuna dai gani ko?

Auta: Hajiya, a bar mu mu gama biyan bashin lefe tukuna.

Kawu na Seattle: Alhaji, barka da wannan niyya. Sau uku na je, kuma abu ɗaya zan roƙe ka: ka rabu da hoton jirgi da yawan gidajen abincinsa, ka buɗe jadawalin tafiya ka karanta rana bayan rana. Ka nemi inda aka rubuta Glacier Bay da sunansa. In babu, wuce gaba. Wurin gandun gwamnati ne, manyan jirage biyu kacal ake bari su shiga a rana, saboda haka ba kowane kamfani ke da izini ba. Princess da Holland America su ne suka fi yawan shiga, Norwegian ma yana shiga da wasu jiragensa. Amma ko a kamfani ɗaya, wani jadawalin na da shi, wani babu.

Abin da ya sa na nace: wuni guda ake yi a ciki. Da sassafe ma'aikatan gandun suke zuwa da ƙaramin jirgi su hau naku, su yi ta bayani har yamma. Za ku wuce kogunan ƙanƙara da dama kafin a tsaya gaban Margerie, wanda faɗin fuskarsa ya kusa mil guda, tsayinsa daga saman ruwa kamar bene mai hawa ashirin. Wajen awa ɗaya ake yi a gabansa.

Auta: Kawu, kogin ƙanƙara kuma? Ni na ɗauka dutse ne.

Kawu na Seattle: Kogi ne, Auta, tafiyar hawainiya kawai yake yi. Dusar ƙanƙara ce ke zuba kan duwatsu shekara da shekaru, ta sama tana danne ta ƙasa har ta zama dunƙule, nauyinta ya riƙa tura ta gangare a hankali. Wanda ya iso bakin teku shi ne yake ɓallewa. Dannewar ce ma ke sa ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a marina. Wani abin mamaki: a 1794 da George Vancouver, wani kyaftin ɗin jirgin ruwan Birtaniya, ya biyo ta wurin, ƙanƙara ta cike kusan duk mashigin. Yau jirgi na shiga fiye da kilomita 100, ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya, duk a inda da ƙanƙara ce.

Anti ta Calgary: Kawu, ka yi haƙuri, ni fa kogin ƙanƙarar Hubbard nake so. Na ga duka biyun. Margerie kyakkyawa ne, amma Hubbard tsoro yake ba ka. Faɗinsa ya haura mil shida, tsawonsa mil 76, babu irinsa a Arewacin Amurka cikin masu taɓa teku. Shi gaba ma yake ci, har ya taɓa toshe bakin mashigin Russell a 1986 da kuma 2002. Ranar da muka je ya yi ta zubarwa, ƙarar kamar aradun farkon damina. Tunda abin da uwargida ke son gani ke nan, a yi la'akari.

Kawu na Seattle: Ban musa girmansa ba. Amma ki faɗa masa gaskiya, in hazo ya sauka ko gutsattsarin ƙanƙara suka cika ruwan, daga nesa kyaftin zai tsaya, ka hango farin layi kawai, a juya. Hakan ya faru da ni a tafiyata ta biyu. A Glacier Bay ko wannan ya ɓuya, wancan zai fito. Tafiyar shekara 25 ba a yin caca da ita.

Anti ta Calgary: To ai akwai masu haɗa biyun. Jiragen da ke tashi daga Vancouver ta Kanada su ƙare a Whittier ko Seward a Alaska, ko su biyo akasin haka. Wasu Glacier Bay da Hubbard, wasu Glacier Bay da College Fjord. Matsalar kawai tikitin jirgin sama: ka sauka a gari ɗaya, ka taso daga Anchorage.

Likita: Salam. Ni gwiwa da cikin uwargida nake kallo. Masu tafiyar nan mai ƙarewa a Whittier sai sun ratsa buɗaɗɗen tekun Alaska, kuma wani lokaci yana jijjiga mutum sosai. Masu tashi daga Seattle su dawo Seattle galibi ta bayan tsibirin Vancouver suke bi, nan ma buɗaɗɗen teku ne a ranar farko da wajen dawowa. Wanda ya fi kwanciya shi ne mai tashi daga Vancouver ya dawo Vancouver, domin tsakanin tsibirai yake bi, ruwan lumui mafi yawan hanya. Ga wadda ba ta taɓa hawa ruwa ba, shi zan zaɓa. Ɗaki kuma a tsakiyar jirgi, ba can gaba ba, ba can sama ba. Ku tafi da citta. Maganin jiri kafin a tashi ake sha, ba sai zuciya ta fara tashi ba, kuma ta tambayi likitanta tukuna in tana shan wasu magunguna.

Alhaji na Columbus: Allah ya saka da alheri. Na ga wani mai araha sosai, an rubuta Tracy Arm. Shi fa?

Kawu na Seattle: Wurin yana da kyau ƙwarai, siririn mashigi ne tsakanin manyan duwatsu, ruwa na zubowa ta ko'ina. Amma sau da yawa ƙanƙara na hana babban jirgi isa ƙarshe, sai a karkata zuwa Endicott Arm a ga kogin ƙanƙarar Dawes. Sannan a watan Agustan 2025 dutse ya zaftare a can ciki ya tayar da babbar igiyar ruwa. Ka tabbatar da inda jirgin zai shiga da gaske kafin ka biya. Araha ba ta ado, Alhaji.

Shugaban zaure: Ku dakata. Kafin a zaɓi ƙanƙara, wane fasfo kuke riƙe da shi?

Alhaji na Columbus: Koren namu ne, amma dukanmu muna da katin zama na dindindin na Amurka.

Shugaban zaure: To alhamdu lillahi, ku kun tsira, fasfo da katin sun isa ku shiga Kanada. Ku dai duba kada wa'adin ɗaya ya ƙare. Na tambaya ne saboda abin da ya samu ƙanina. Ya zo daga Abuja da bizar Amurka, ya biya jirgi mai tashi daga Seattle, a tunaninsa Alaska ai Amurka ce. A bakin jirgi aka ce ina bizar Kanada. Ya ce ba zai sauka a can ba, aka ce ko ba zai sauka ba. Yana tsaye da akwatinsa jirgi ya tafi, kuɗin ma ba su dawo ba. Dalili shi ne wata tsohuwar dokar Amurka ta 1886 da ta sa jiragen da ke da rajistar wata ƙasa dole su taɓa tashar waje, shi ya sa na Seattle ke yada zango a Victoria ta Kanada ko na 'yan awanni ne. Duk mai gayyato iyaye daga gida ya riƙe wannan, ya kuma duba ko bizar Amurkan ta shiga ɗaya ce.

Hajiya Babba: Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri.

Ɗan'uwa na Landan: Ba wanda zai ambaci Norwe? Na je Geiranger da Olden, kyau kamar zane.

Anti ta Calgary: Ka ga ƙanƙara daga cikin jirgi?

Ɗan'uwa na Landan: Gaskiya a'a. Daga Olden mota muka shiga zuwa Briksdal, sannan muka taka da ƙafa a hawa, ko da yake akwai 'yan ƙananan motoci masu rage hanya. Kuma ƙanƙarar ta ja baya, tana can maƙale a saman dutse. Na janye, da gwiwar uwargida ba zai yi ba. Ga bizar Shengen kuma.

Alhaji na Columbus: Maganar ɗaki mai baranda fa? Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Kawu na Seattle: Ni ban taɓa biya ba. Ranar ƙanƙara saman jirgi nake hawa, ka ga gabas ka ga yamma. Kuɗin barandar gara ka sa shi a jirgin ƙasan garin Skagway, wanda aka shimfiɗa zamanin rububin zinariya, aka gama a 1900. A zaune za ta ga duwatsu, ba wahalar ƙafa.

Hajiya Babba: Kawu, kai namiji ne mai ƙafa lafiya. Alhaji, saurare ni. Ka biya barandar. A saman jirgi mutane dubu ne ke turereniya a bakin ƙarfe, iska na kaɗawa kamar hunturun Jos ya ninka goma, ba wurin zama. Baiwar Allah da ciwon gwiwa za ta yi awa nawa a tsaye? A barandarta za ta zauna da bargo da shayinta, ta cire mayafi in ta ga dama, ku biyu kawai. Kuma kada ka damu da wane gefe, kyaftin yana juya jirgin a hankali kowa ya samu rabonsa. Ni abin da ban manta ba shi ne shirun wurin. Sai ka ji ƙas ƙas kamar ana karya itace, sannan ruuum. In ka jira sai ka ji ƙara kafin ka waiga, ka makara, ta riga ta faɗa, domin ƙarar a baya take isowa. Ido a kai kawai. Shekara 25 tana tuƙa maka tuwo, baranda ce za ta gagara?

Alhaji na Columbus: Hajiya, na miƙa wuya.

Malam: Assalamu alaikum. Ƙarin bayani kaɗan kan ibada. Daga Alaska alƙibla kusan arewa take, kada ka ga manhajar waya ta nuna haka ka ce ta lalace. Talabijin na ɗaki yana nuna inda jirgi ya dosa, da shi nake gane gefen. Ku matafiya ne, akwai sauƙin ƙasaru. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare a yankin Juneau, kafin huɗu kuma gari ya waye, sararin sama ma ba ya yin duhu sosai. Ka zauna da limaminku kafin tafiya ku tsayar da yadda za ku yi da Magariba da Isha'i da Asuba. Ku sa buta a akwati, ba za ku samu a can ba.

Anti ta Calgary: Abinci kuma kifi ya wadatar, salmon da halibut har sai kun gaji. Ka sanar da su tun wajen biya cewa ba ku cin alade, ba a sa muku giya a miya. A ɗakin cin abinci ka nemi shugaban masu hidima a daren farko, zai riƙa kawo muku jerin abincin gobe ku zaɓa. Kada su sayar maka da ƙunshin abin sha, rabin kuɗinsa na giya ne. Yaji dai ki ce wa uwargida ta ƙullo nata. Au, ka ce mata.

Likita: Ka lissafa da kuɗin hidima da suke ɗorawa kowace rana a kan kowane mutum. Mu ya zo mana ba shiri a ranar ƙarshe. Da inshorar tafiya, asibitin cikin jirgi tsada gare shi.

Kawu na Seattle: Yuli lokaci ne mai kyau, sai dai shi ne mafi tsada da cika. Mayu ya fi araha, ruwan sama ma bai cika yawa ba. Satumba akwai rangwame amma ruwa da iska. Tunda ranarku a Yuli take, ka kama ɗaki yanzu. A Juneau ku je kogin ƙanƙarar Mendenhall, wajen mil 12 daga gari, daga ɗakin baƙi ana hangensa ba sai ta yi doguwar tafiya ba. Ketchikan kuwa ku shirya jiƙewa, garin ruwan sama ne.

Alhaji na Columbus: To ga inda na tsaya: Vancouver zuwa Vancouver, kwana bakwai, mai Glacier Bay a rubuce, ɗaki mai baranda a tsakiya. Hubbard sai shekara 30 in da rai, Anti. Na samu guda biyu a mako na biyu na Yuli, zan kira su gobe. Saura kaya, me za mu saya?

Hajiya Babba: Kada ka sayi jibgegiyar rigar sanyi. Suwaita biyu marasa nauyi, rigar ruwa a sama, hula, safar hannu, takalmi mara santsi. Madubin hangen nesa ina da shi, guda biyu ma, ka aiko yaro ya karɓa ranar Asabar. Ɗayan murfinsa ya ɓace amma yana gani tar.

Auta: Alhaji, in akwai wuri a akwati ni ma ba ni da nauyi.