Waɗanda suka taɓa zuwa jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, me kuka gani na daular Chola?

Baban Ilham:
Slm 'yan uwa. Mu da karatu ko jinya ta kai mu Indiya, yawancinmu Chennai kawai muka sani, daga asibiti sai masauki sai filin jirgi, alhali ƙasar sarakunan Chola ce, waɗanda suka kama Thanjavur wajen shekarar 850 suka yi ta mulki har 1279 da sarakunan Pandya, maƙwabtansu na kudu, suka gama da su. Dan Allah wanda ya je ya gani da idonsa ya ba mu labari.

Injiniya Ɗan Fagge:
Wslm Baban Ilham. Ni na je Thanjavur lokacin ina karatu, na ga babban ɗakin bautar da sarkin Chola Rajaraja na ɗaya ya gama a 1010, hasumiyarsa kusan mita 66 kuma duk dutse ne mai tauri wanda babu irinsa a kusa da garin, daga nesa aka jawo shi. A ƙofa ake cire takalmi, in rana ta take dutsen ƙona tafin ƙafa yake, gara mutum ya je da sassafe. Ni can ciki wurin ibadarsu ban shiga ba, tsakar gidan na zagaya. Amma wlh abin da ya tsayar da ni rubutun da aka sassaƙa a gindin bangon ne, mai yi mana jagora ya dinga karantowa, wane ya ba da zinariya kaza, wance ta ba da tumaki don a samu man fitila, sunayen mata masu rawa 400 da rabon shinkafar da ake ba kowacce. Shekara dubu kenan lissafinsu na nan ba wanda ya goge, wannan kam ya burge ni fiye da tsayin ginin.

Maman Khairat:
Haka ne Injiniya. Mu Uttaramerur aka kai mu, kusa da Kanchipuram. Rubutun can na zamanin sarki Parantaka na ɗaya ne wajen 920, yadda ƙauye ke zaɓen 'yan kwamiti, unguwa 30, a rubuta sunaye a ganyen giginya a zuba a tukunya sai yaro ƙarami ya sa hannu ya zaro. Wanda ya riƙe amana bai kawo lissafi ba, ba shi ba sake tsayawa, har danginsa abin ke shafa.

Malam Sidi:
To amma kar mu manta mayaƙa ne fa. Na je Sri Lanka harkar duwatsu, in ka ji yadda mutanen can ke ba da labarin yadda rundunar Rajaraja ta rushe tsohon babban birninsu Anuradhapura wajen 993 za ka gane ba kowa ke yabonsu ba. Ɗansa Rajendra ma ya tura runduna har kogin Ganga, a 1025 kuma jiragen ruwansa suka afka wa Srivijaya, yankin Sumatra da Malesiya na yanzu.

Injiniya Ɗan Fagge:
Gsky ne Malam. Birnin da Rajendra ya gina, Gangaikonda Cholapuram, na biya ta nan, ɗakin bautar na tsaye amma fadar sai tushen bulo a cikin gonaki.

Hajiyar Damagaram:
Ni maƙeran Swamimalai na gani, har yau da kakin zuma suke siffanta abu, su lulluɓe shi da yumɓun kogin Kaveri, su narkar da kakin su zuba tagulla, kamar dai aikin Ife da Benin. In ya huce fasa yumɓun ake yi, shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya. Baban Ilham in tafiyar ta yi maka nisa, kayan tagulla na asalin zamanin Chola suna gidan tarihi na Egmore, nan cikin Chennai.