Wace kalma za mu ba wa depth perception da Hausa?

Jama'a ku taya ni neman kalma. Kawuna tela ne, bara ya rasa idonsa na hagu, kuma ba rashin gani ne ya fi damunsa ba don na daman garau yake, abin da ya dame shi sai ya ɗauko buta zai zuba shayi ruwan ya sauka gefen kofi, zare kuwa sai ya yi ta cakar iska allura na can gaba. Likita ya ce abin da ya rasa shi ne depth perception, Kawu ya juyo ya ce min "kai ɗan boko me ya ce?" wallahi na rasa da me zan fassara.

Ga yadda abin yake. Tsakanin idanunmu akwai kamar santimita 6, to kowanne da ɗan bambancin hoton da yake ɗauka, ƙwaƙwalwa ce ke haɗa biyun ta gane wanne ne kusa wanne ne nesa. Wani Bature ɗan Ingila Charles Wheatstone ya yi bayanin wannan tun 1838. Rufe ido ɗaya ka gwada haɗa bakin biro biyu hannu a miƙe, za ka gane.

Wani ya ce hangen nesa, a'a wannan tana da mai ita, ta mai tunanin gobe ce. Ganin zurfi kuma fassarar kai tsaye ce, Bahaushe na ji rijiya zai tuna. Awon ido ta so ta yi, amma mutum zai ɗauka na asibiti ake nufi kamar awon ciki.

Ni dai na tsaya kan kintatar tazara. Dalilina, ita ce ta ɗauki har abin da ke faruwa bayan rasa idon, domin ƙwaƙwalwa ba ta haƙura, tana koma wa inuwa da girman abu da wanda ya tare wani, sannan in mutum ya ɗan motsa kai abin kusa ya fi na nesa saurin gocewa. Kawu bayan wasu watanni da kansa ya koyi karkata kai kafin ya sa zare, kuma sai ya ɗora bakin buta a kan kofi kafin ya zuba. Da na ce masa "Kawu kintatar tazara ce ta samu matsala" nan take ya gyaɗa kai.

Ƴan Sakkwato da Damagaram, in kuna da wadda ta fi wannan zama a baki ku kawo.