Wai da gaske gyaran Hawan Kibo zai rage mana kuɗin mota?

Dan_YanLemo

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar hanya ina da tambaya. Ni ina sana'ar kayan marmari ne a Yan Lemo nan Na'ibawa, ƙanina kuma yana Yankaba yana harkar dankalin turawa da kabeji na Jos. Naji ana ta maganar gwamnatin tarayya zata yi hanyar Akwanga zuwa Jos ta wuce Bauchi har Gombe, harda Hawan Kibo, gangarar dutsen nan dake tsakanin Akwanga da Jos, a ciki kenan. To abinda nakeso in sani, in anyi wannan aikin da gaske haɗari zai ragu a wajen? Kuma mu nan Kano zamu gani a kuɗin mota ko kuwa direbobi zasu cigaba da yanka mana yadda suka ga dama?

Baba_MaiDaf

Wa alaikumus salam ɗana. Bari in fara da haɗarin tunda shine ya shafi rai. Na tsufa a kan babbar mota, kuma wlh abinda ke kashe mutane a Hawan Kibo ba rami bane kaɗai, gangarar ce. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da matakin teku, kana baro Riyom sai ka fara zubowa ƙasa kwana bayan kwana har ka kai wajen Assop, to yaran yanzu sai mutum ya ɗauko lodin da yafi ƙarfin motar, ya shigo gangara da babbar giya, wani ma dan tsabar son kai ya sata a firi wai yana tattalin gas, yana tafe yana taka birki yana taka birki har ya ɗau zafi, iska ta ƙare, daga nan kuma sai salati, duk wanda ke gabansa ya shiga uku. Mu da aka koya mana, tun daga saman tudu kake sa ƙaramar giya inji ya riƙe maka motar, birki sai jefi jefi. A hawa kuma in mota ta gaza yaron mota ya diro da waigi kafin ta fara ja da baya. Dan haka in kwalta kawai zasu shimfiɗa tayi sumul su tafi, ni tsorona ma gudu ne zai ƙaru.

InjiniyaBUK

Baba Allah ya ƙara lafiya, ka gama magana. Hanyar kan dutse ba a yinta kamar ta Kano zuwa Wudil. Abu na farko da wajen ke buƙata shine wurin tsira na motar da birki ya ƙwace mata, wato a fitar da wata gajeriyar hanya a gefe mai hawa sama a cikata da tsakuwa mai zurfi, direba yana ganin birki ya tafi sai ya kutsa ciki tayoyi su nutse motar ta tsaya. A ƙasashe masu duwatsu wannan ba wani abin mamaki bane. Sannan a ware layi na musamman na manyan motoci a wajen hawa, saboda yawancin karon gaba da gaba daga nan yake zuwa, tirela na rarrafe a gaba, mai Sharon ya gaji ya fito zai wuce a daidai kwana. A sa katangar kankare a bakin rami, a yi fili a saman tudu inda dole babbar mota ta tsaya a duba birki, da sikelin auna lodi wanda ba a kashe shi da ɗari biyar. Magudanar ruwa kuwa mutane basa kula da ita amma ita ce ran hanyar, ruwan Filato ba irin namu bane, in ya shiga ƙarƙashin kwalta damina biyu ta isa ta fara ɓarewa. Ga hazo kuma, ko fentin layi mai ƙyalli da alamu sun taimaka.

Hajiya_Sabongari

Hmm ku dai kuna ta lissafin aikin da ba a gani ba. Hanyar Abuja Kaduna Kano tun 2018 ake kanta, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce fa ba dutse ba. Allah dai yasa muna raye.

Sarkin_Lodi

Dan YanLemo kace muna yanka ku, haba malam. Tambayi kuɗin gas da taya, ka ƙirga shingayen dake hanya kowa da hannunsa a miƙe, ga yan haraji na jiha jiha. Sannan gsky ba duk kayanku ne ke hawa Kibo ba, mai lemo daga Binuwai da yawa in sun zo mararrabar Forest kafin a fara hawan sai su karya ta Kafanchan su fito Kaduna, wasu ma ta Abuja. Dankalin ƙaninka kuwa daga Bokkos da Mangu yake, yana can saman tudu ai, ta Saminaka da dajin Falgore yake biyowa, in rahusa kukeso wannan hanyar ce zaku yiwa kuka. Kuma kar ka manta ta Keffi zuwa Makurdi da aka raba biyu an sa mata tolget, wa kake ganin zai biya a ƙarshe in ba mai sayen lemo ba?

InjiniyaBUK

Oga Sarki duk da haka akwai riba, ko kuɗin mota bai sauka ba. Tirela ɗaya in ta faɗi a Kibo hanya ta toshe kenan sai an janyeta, kayan gwari kuma basa jira. Motar da ta iso akan lokaci asarar ruɓewa ta ragu, kuma mai mota bazai riƙa ɗora muku kuɗin gyaran sifirin ba.

Dan_YanLemo

Nagode sosai jama'a, Baba Allah ya saka da alheri. Oga Sarki afuwan ba da kai nake ba. Amma tunda ka taɓo Falgore, yanzu ya hanyar take daga Tudun Wada zuwa Saminaka, ana bi da dare kuwa? Ƙanin nawa ne zai tashi ranar Laraba.

Sarkin_Lodi

Kace masa ya fita da asuba ya wuce dajin da rana tsaka. Kuma ya nemi motar da tayoyinta ke da kyau ko da ta ɗan fi tsada.