Me za mu kira "precancer" da Hausa?

1. Ma'aikatan lafiya da masu fassara, ku matso kusa. Mace ta yi gwajin bakin mahaifa, sakamako ya fito, an rubuta precancer ko CIN 2 a katinta (CIN sunan da likitoci ke ba sauyin ƙwayoyin bakin mahaifa ne, mai mataki na 1 zuwa na 3). Da wace kalma za a gaya mata? Har yau kowa da abin da yake faɗa, wasu kalmomin kuma ɓarnarsu ta fi ta ciwon.

2. Ga abin da ake nufi. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ce sanadin kusan duk kansar bakin mahaifa, nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna da kusan kashi 70 cikin 100. Yawanci garkuwar jiki takan kore ta cikin shekara 2. Idan ta ƙi tafiya, sai ta fara sauya ƙwayoyin fatar da ke saman bakin mahaifa. Wannan sauyin shi muke nema wa suna. Bai zama cutar kansa ba, kuma kafin ya zama, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani.

3. An fi cewa "farkon kansa". Wannan kuskure ne, domin farkon kansa wani abu ne daban mai nasa maganin. Sannan da mace ta ji "kansa", kunnenta ya toshe. Likita yana ta bayani, ita kuwa tana can tana lissafi: za a cire mahaifa, haihuwa ta ƙare, me uwar miji za ta ce, yaushe za a kawo amarya. Mai shekara 28 da ɗa ɗaya ba mutuwa take fara tsoro ba, haihuwa take tunani.

4. Wasu kuma don tausayi sai su ce, "Hajiya, ɗan sanyi ne." Ni wannan ya fi ba ni tsoro. Sanyi a wurinmu ya haɗa ƙaiƙayi da farin ruwa da ciwon mara, kuma kowa ya san mai maganinsa a unguwa. Za ta biya kemis ko ta sayi jiƙo, ta sha, ba ta jin komai, ta ce ta warke. Alhali shi wannan sauyin dama ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Ba za ta dawo ba sai jini ya fara zuba bayan saduwa.

5. "Jajibirin kansa" yana da daɗi a baki, amma jajibiri gobe salla ce, babu makawa. Nan kuwa yawancin masu mataki na 1 sauyin yana bajewa ba tare da an taɓa su ba. "Gyambo" ma bai yi ba, babu rauni a wurin.

6. Shawarata: TABON GARGAƊI na bakin mahaifa.

7. Tabo, saboda shi ake gani da ido. A gwajin da aka fi yi a ƙananan asibitocinmu, ana shafa ruwan khal (vinegar) a bakin mahaifa, bayan kamar minti 1 sai wurin da ya sauya ya yi fari. Gargaɗi kuma, saboda kalmar ba ta yanke hukunci, amma ba ta bari a kwanta. CIN 1, 2 da 3 sai su zama tabon gargaɗi mataki na 1, na 2, na 3.

8. Na san za a ce tabo yana da wata ma'ana: abin kunya da ya manne wa mutum, ga shi cutar ta saduwa ce. Gaskiya ne. Shi ya sa dole a biyo da bayani, a gaban maigida in zai yiwu, cewa kusan duk mai saduwa, mace ko namiji, yana haɗuwa da HPV a rayuwarsa, kuma takan yi shekaru a ɓoye. Ba hujjar zargin kowa ba ce.

9. Sai batun haihuwa, wanda shi ne ainihin abin da take son ji. Ana daskarar da tabon da sanyi, ko a ƙona shi da ɗan ƙarfe mai zafi na ƙasa da minti 1, ko a yanke shi da siririyar waya mai lantarki. Duka a bakin mahaifa ake yi, ba a taɓa cikin mahaifa ko ƙwai, kuma ba ya hana ɗaukar ciki. Abin da bai kamata a ɓoye ba: yankan waya, musamman mai zurfi ko wanda aka maimaita, yana ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, don haka ta faɗa tun ranar farko ta awo. Idan kuma da ciki aka gano tabon, yawanci ana lura da shi ne har ta sauka.

10. A ɗakin gwaji zai fita kamar haka: "Anti, ba kansa ba ce. Tabon gargaɗi ne, za mu goge shi yau. Za ki ga ruwa na fita na 'yan makonni, ki huta da maigida wata guda, ki dawo bayan shekara mu sake dubawa. Haihuwarki tana nan in Allah ya yarda."

11. Tun Oktoban 2023 da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV a Najeriya, iyaye mata sun fara tambayar nasu gwajin, don haka kalmar za ta yi aiki sosai. Ungozomomi, ku gwada ta a kan mata ku gaya mana yadda suka karɓe ta. Saura sunan aikin yanke tabon da siririyar wayar nan: na ji ana cewa "wankin mahaifa", wanda mata suka sani da abin da ake yi bayan ɓari. Ni "yanke tabo" nake gani. Wa ke da wadda ta fi?